An Yaɓe Bariki, Ɗakin Kulu Ya Faɗi

Zuwa ga mai girma shugaban ma'aikatan hanya da gine-gine, mai kula da shiyyar Boɗinga da Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Ranka shi daɗe.

Sunana Ɗanjuma, marini ne ni, ɗan marini. Ina zaune a Unguwar Marina, a gefen ƙauyenmu da ke bakin sabuwar hanyar mota tsakanin Boɗinga da Shagari. Helmanku, wato shugaban leburorin da suka yi aikin shiyyarmu, ya san wurin, ya san ƙofar gidana. Rubutun boko da tsufa na koye shi a ajin manya, saboda haka in an ga harafi ya karkace a yi mini uzuri.

Ban so maganar nan ta fita fili ba. Na taka zuwa ofishinku a Boɗinga ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum masinja ya ce ka fita duba aiki, ko kana ganawa da Bature, in zauna in jira. Na zauna gindin bedi har inuwa ta juya ta bar ni, na taso. Zuwana na ƙarshe ya ce da ni, "Tsoho, maganar ƙasa da toka ce za ka tsai da manya a kanta?" Shi ya sa na ce bari in rubuta a jarida inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Ban taɓa ƙin haraji ba, ban taɓa ƙin kiran hukuma ba. Ba kuma tsayayya na zo yi ba. Labarin abin da ya same ni zan faɗa, ka auna da kanka.

Na ɗaya: maganar katsin da na tara.

Wataƙila ba a gaya maka inda aka samo kayan da aka yaɓe barikin baƙi da su ba, wanda ke kan tudu kusa da mahaɗar hanya. Daga gidana aka samo su. Katsi shi ne laka da ke taruwa a gindin rijiyar rini. Mukan kwashe, mu dunƙula, mu shanya, mu ƙona. In an haɗa shi da gashin akuya da ruwan saiwar dafara sai ya zama laso, wanda in an shafe bango da shi ruwa ba ya ratsawa. Ba ya taruwa da wuri. Tun da atamfar kanti ta yawaita, masu kawo rini suka ragu, abin da rijiya ke bayarwa a shekara bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina tarawa kaɗan-kaɗan a wani ɗan rumbu bayan zaure.

Ba don sayarwa na tara ba. Mai ɗakina, Kulu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun shekarun baya. Allah bai bar mana ɗa ba, waɗanda muka samu duk sun koma tun suna ƙanana. Daga ni sai ita a gidan. Unguwarmu tana kwari, kowace damina ruwa yakan lashi gindin bango ya wuce. Mai ƙafa in ya ga ruwa sai ya kwashe tabarma ya fita. Ita ba ta da wannan. Sai na yi niyyar in shafe gindin ɗakinta da laso, ciki da waje, har gwiwa, in ɗaga dokin ƙofa, in gyara rariya, ta yadda ko ina bakin rijiya hadari ya taso hankalina zai kwanta. Na samo gashi wurin majema a kasuwar Shagari. Dafara da hannuna na tono ta a daji. Komai ya kammala, ina jiran in gama wasu rigunan mutane da ke cikin rijiya in fara.

A cikin bazarar bara helmanku ya yi sallama a ƙofata, da dogari ɗaya da jakuna. Na ba su tabarma, na kawo ruwa. Ya ce, "Baba, katsin ga naka munka zo wa. Bature na tahe rangadi, kuma an ce barikin na shan ruwa ta ƙasa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na ɗakin mai ɗakina ne. Ba ta tashi."

Ya ce, "Ai ba ƙwace ba ne, aro ne. Siminti na nan tahe cikin mota. Da ya iso za a kawo maka abin da ya hi wannan toka taka ƙarhi."

Dogarin yana ta karkaɗa bulala a gefen ƙafarsa. Na buɗe rumbu da hannuna. Suka kwashe har ƙurar ƙasa, da gashin, da dafarar. Kulu tana jin motsin jakuna daga ɗaki, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, baƙi munka yi?" Na ce mata eh, baƙi ne, yanzu za su tafi.

Simintin nan har yau da nake rubutu ban ga ko cikin cokali ba.

Na biyu: ni kaina an tafi da ni.

Da aka kai kayan aka rasa wanda zai kwaɓa, sai aka dawo aka ce in zo. Na bar Kulu a hannun Tumba, matar maƙwabcina, na bi su. Ba zan yi ƙarya ba, an ba ni abinci, ba wanda ya zage ni. Na kuma yi aikin tsakanina da Allah, kamar yadda zan yi wa ɗakina. Na shafe gindin barikin duka, na goge shi da dutse har yana ƙyalli, na yi wa ƙofofinsa tudu, na fitar masa da hanyar ruwa ta baya. Amma kwanakin da na yi a can su ne kwanakin ƙarshe na rani, waɗanda kowane magidanci ke yin yaɓen gidansa a cikinsu. Ranar da aka sallame ni, a hanya ruwan fari ya same ni. Na iso gida bango ya riga ya jiƙe. Na ɗan shafa makuba inda ta samu, ta ɓawon ɗorawa da Tumba ta taimaka mini da shi, amma kowa ya san makuba a kan jiƙaƙƙen bango kwalliya ce kawai.

Na uku: hanya, da ranar da ruwa ya zo.

Da aka zo yin hanyar mota, har da ni cikin masu murna. Na ce yanzu masu kaya za su riƙa zuwa daga nesa. Aka ɗaga hanyar da jar ƙasa ta yi tudu, ta ratsa ta ƙasan unguwarmu. A daidai wurin akwai wani ɗan kwari da ruwan gari ke bi ya gangara fadama tun zamanin kakanninmu. An cike shi, ba a sa kwalbati ba. Ban ce da gangan aka yi ba. Mu kanmu da muke wurin ba wanda ya kawo komai a ransa, don da rani aka yi aikin, kwarin a bushe yake, awaki na kiwo a ciki.

Ranar kasuwar Shagari ce, a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Mazan unguwa duk sun tafi cin kasuwa. Ni ban je ba don ba ni da abin kaiwa. Tun hantsi ruwa ya sauko, ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake yi. Ina zaune a zaure ina kallo. Wajen azahar sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ruwan da ya saba wucewa ta gaban gidana ya yi ƙasa, ya je ya tarar da hanya ta tare shi, yana dawowa. A hankali yake tahowa, ja wur, ɗauke da kara da kashin awaki. Ya fara cika rijiyoyin rini, na ga baban rini yana tasowa yana bin ruwan, shuɗi a cikin ja.

Na ruga cikin gida. Na ɗauko tsofaffin buhuna na cika da ƙasa na jera a ƙofar ɗakin Kulu. Na tura tabarma, na tura tsumma, na kwaɓa laka da hannu ina liƙe duk wata kafa. Na toshe rariya don ta nan ma ya fara shigowa maimakon ya fita. Ina yi ina haki, ina ce mata kada ta ji tsoro, ƙofa ta toshu. Ita kuwa tana zaune a kan gadon ƙasa da carbi a hannu. Sai ta ce, a hankali, kamar mai gaya mini tuwo ya nuna, "Malam, bar ƙohwar ga. Dubi gindin bango."

Na duba. Ƙofa ta riƙe, amma bangon ya sha ruwa ta waje, ya yi baƙi har ya wuce taƙi, yana zufa ta ciki. Na sa yatsa, ya shige kamar cikin fura. Daidai wurin da na yi niyyar shafewa.

Na ƙwala wa Tumba kira, ba ta ji ba, tana can tana fama da 'ya'yanta da nata ɗakin. Na durƙusa na ce wa Kulu ta hau bayana. Ta ce, "Da girmanka?" Na ce ta hau. Na ɗaure ta da zanenta kamar jaririya, na tsallake buhunan da na jera, na shiga ruwa har cinya. Ban san ta rame haka ba sai ranar. Muka nufi tudun masallacin gari, tana riƙe da wuyana tana salati a kunnena. Ba mu kai ba muka ji ƙara a bayanmu, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke babban kaya daga kan raƙumi. Ta ce, "Namu ne?" Na ce ban sani ba. Amma na sani.

Kafin la'asar ɗakuna da yawa a unguwar sun kwanta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba ranar. Maza suka dawo daga kasuwa suka tarar da matansu da 'ya'yansu a tudu, a jiƙe, ba gida.

Na huɗu: abin da ya biyo baya.

Mutanen gari sun yi mana karamci, aka rarraba mu gidaje. Amma zaman gidan wani da majinyaciya ba ya daɗewa bai yi nauyi ba. Ga shi tun daga ranar tari ya kama ta. Da labari ya kai garinsu, Dandin Mahe, ƙanenta Sambo ya zo da jaki ya ce zai tafi da ita wurin matansa su yi jinyarta. Ba ni da bakin hanawa. Ba ni da ɗakin da zan ce a bar ta a ciki. Ita ce ma ta ƙi, ta ce tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa kwana wani gari ta bar ni ba. Na lallashe ta. Da muka ɗora ta a kan jakin ta riƙe hannun rigata ta ce, "To ka gina shi da wuri. Ni ba zama zan yi can ba."

Maƙwabta kuwa ɗaya bayan ɗaya suka kwashe azarar ɗakunansu suka tashi. Wasu suka hau tudu, wasu suka koma wurin dangi a Horo Birni, su Tumba suka tafi Boɗinga mijinta ya kama dako a kasuwa. Kowa ya ce ba zai sake zuba ƙarfinsa a wurin da ruwa ba shi da mafita ba. Ban ga laifinsu ba. Ni na zauna, na kafa 'yar bukka a inda zaurena yake, don rijiyoyin ubana suna nan, kuma na yi mata alkawari.

Da ruwa ya ɗauke na fara gini. Ruwan da ya kwanta a gindin hanyarku, wanda ya ci gidana, da shi na kwaɓa ƙasar tubali, don shi ne mafi kusa. Ni kaɗai nake yi. In kwaɓa, in dunƙula, in shanya, in ɗora. Da, in mutum zai yi gini a unguwarmu, gayya ake yi, mata su dama kunu, a yi ta barkwanci har a kai ga rufi. Yanzu in tubali ya suɓuce mini daga sama, sai in sauko in ɗauka in sake hawa.

Kowace Juma'a nakan je Dandin Mahe in gan ta. Ba ta tambayata ko na ci abinci sai ta fara tambayar bango. "Ina ya kai?" Sai in nuna mata a jikina. Na nuna gwiwa. Wata Juma'ar na nuna ƙugu. Ranar da na dafa kafaɗa ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta, ta ce ashe tsohon nan da sauransa. Zuwana na ƙarshe na miƙa hannu sama na ce saura azara. Ta ce in sa mata taga ta gabas, tana son hantsi.

Ina kan bango ina gyara wurin tagar nan wani mai albasa da ke kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Boɗinga ya ratso unguwar. Ya yi ta sallama a kangaye bai sami kowa ba, sai da ya hango ni a sama. Ya ce, "Kai ne Ɗanjuma marini?" Na ce ni ne. Ya ce, "Sauko, Baba." Da na ji ya ce in sauko na gane. Ya ce Kulu ta rasu tun jiya da hantsi, an kai ta kafin azahar. An so a aiko, ba a sami mai zuwa ba sai shi.

Ranka shi daɗe, na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko a ɗakin laso ko a kan jaki. Ban ce kai ka kashe ta ba, ban ce helmanka ba, Allah shi tsare harshena. Abin da nake cewa shi ne, matar da muka tsufa tare ta cika a ɗakin wasu, tana jiran in gama nata, ban riƙe hannunta ba, ban sallace ta ba. Wannan kam da hannun mutane a ciki.

Na biyar: yadda nake yanzu.

Na gama ɗakin. Ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙi tsayawa. Na sa tagar. Ba shi da laso, don rijiyoyin sun cika da yashi, biyu kawai na iya yashewa, kuma kafin su tara katsin da zai isa gindin ɗaki ɗaya wataƙila ni ma an kai ni.

A unguwar da ake jin bugun rini tun daga bakin gari, yanzu ba motsin kowa sai nawa. Ɗan masallacinmu na unguwa rabinsa ya zube. In lokaci ya yi nakan tsaya a gabansa in yi kiran salla, in jira kaɗan ko wani matafiyi zai ratso, sa'an nan in tayar in yi ni kaɗai. Na koyi dama kunu da tsufana. Wani lokaci sai na zuba a ƙwarya biyu kafin in tuna.

Kwanan baya na bi ta barikin. Lason yana nan garau, ko tsaga babu, damina guda ta wuce a kansa bai ji ba. Ƙofar a kulle. Mai gadi ya ce Baturen ya kwana biyu a ciki ya wuce, tun daga nan ba wanda ya sake sauka. Na zagaya na shafa bangon da tafin hannuna. Aikina ne, ya yi kyau. Na daɗe a tsaye a wurin, har mai gadin ya tambaye ni ko na yi ɓatan wani abu.

Saboda haka ga roƙona, ranka shi daɗe.

A fasa hanyar nan a daidai tsohon kwari a sa kwalbati kafin ruwa ya sauka. Wannan shi ne babba. Na yi magana da mijin Tumba da wasu daga cikin waɗanda suka tashi, sun ce in ruwa ya sami hanyarsa za su dawo, don dako a garin wasu bai kai musu zaman gidan ubansu ba. In babu leburori, ni zan riƙe diga, ƙarfina bai ƙare duka ba.

Simintin da aka yi mini alkawari, in da gaske akwai shi, a kawo. Ba ɗakina zan fara shafewa ba. Gindin masallacin unguwa za a fara yi wa, sa'an nan ɗakin duk wanda ya fara dawowa da iyalinsa.

Kuma ina roƙo ka ja kunnen ma'aikatanka. In za su ɗauki abin da talaka ya tanada don damina, ko su ɗauke shi kansa a lokacin yaɓe, su fara tambaya wa ke kwance a ɗakinsa. In an ce aro ne, a mayar kafin hadari. Akwai irina da yawa a ƙauyukan nan waɗanda ba su iya rubutu ba.

Na ƙarshe, ka zo da kanka ka gani. Kada ka aiko. Daga kan hanya in ka tsai da mota za ka hango kangaye a hannun hagu in ka fito daga Boɗinga, da ɗaki guda sabo a tsakiyarsu. Bazara ta kama, jiya da yamma na ga gabas ta fara haɗa gira. A ɗakin zan kwana bana, da laso ko babu, don ba ni da wanda zan goya in kai tudu, ba ni kuma da wanda zai goya ni. In ka iso ka ɗaga murya wajen sallama, kunnena ya yi nauyi, kuma ba wani a unguwar da zai amsa maka in ban ji ba.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi sa ka gama da aikin nan lafiya. Allah shi tsare gidanka daga ruwa da wuta, shi bar ka da iyalinka har tsufa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Allah shi jiƙan Kulu da dukkan Musulmi da suka riga mu.

Wassalam.

Ni ne talakanka,
Ɗanjuma Marini,
Unguwar Marina.